Zare Na Shida

Ruwan randa ne yake fara kawo mana labarin hunturu. Wata asuba za ka tsoma moɗa ka zuba a buta, ruwan ya taɓa bayan hannunka ka ji kamar an tsaga ka da reza. Kafin ka gama alwala haƙora sun fara haɗuwa. Idan gari ya waye sai ka ga rana ta fito fara fat kamar faranti, yaro ma yana iya kallonta ido cikin ido, saboda hazo ya rufe Kano ruf, har Dutsen Dala ba ya ganuwa daga ƙofar gidanmu. Sai da na girma na karanta cewa mafi yawan wannan ƙura daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, wanda ake kira Bodele, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta ta zuba mana. A lokacin abin da na sani kawai shi ne leɓe ya fara tsagewa, faso ya fara cin dugadugai, Inna kuma ta sauko da kwalbar man kaɗe.

A ranar da sanyi ya fara cizo Inna take jawo adakarta daga ƙarƙashin gado. Tana ɗaga murfin ƙamshin kafur zai cika ɗakin. A ciki kayan sanyin bara suke, a ninke, kowace riga da tarihinta. Akwai wata jar suwaita da Yaya ta fara sawa, ta bar mini, na bar wa ƙanina, har ta kai ga autarmu gwiwar hannunta duk ɗinki ne. Inna takan zauna a bakin gado ta kira mu ɗaya bayan ɗaya, ta kara riga a ƙirjin kowa. Wadda ta yi wa babba kaɗan ta sauka kan mai bi masa. Wadda ta mutu murus a warware ulunta a dunƙule, don Inna gwanar kwarashi ce, da shi take saƙa hula da safar jarirai, na gida da na sayarwa. Bayan an gama wannan rabo ne ake sanin wa ya rasa, sannan a jira albashin Baba.

Shekarar da na fi tunawa ita ce 1987, ina da shekara goma. Kayan adaka sun ƙare kusan gaba ɗaya a wannan karo, domin shekara biyu ba a sayi sabo ba. Baba yana aiki a wata masaƙa a Bompai, kuma kuɗin hannunsa sun daina kai inda suke kaiwa. A 1985 naira ɗaya ta ɗan fi dala ɗaya daraja. Bayan gwamnatin Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, sai da ka ba da kusan naira 4 kafin ka sami dala guda. Mu yara ba mu san dala ba, amma mun ga nama ya ragu a miya, mun ga an daina sayen madarar gwangwani.

Inna ba ta zuwa kasuwa, haka ma 'yan matan gidan. To ta yaya mutum zai sayo wa yara shida riga ba tare da ya gan su a gabansa ba? Inna tana da dabararta. Ranar Juma'a da dare, bayan sallar isha, ta ɗauko ragowar zaren ulu, ta tsayar da kowane yaro kusa da fitilar ƙwai. Takan ɗora bakin zaren a kafaɗa ɗaya ta ja zuwa ɗayar ta yi ƙulli, sannan ta ci gaba daga kafaɗar zuwa wuyan hannu ta sake ƙulli, ta ƙara kamar faɗin yatsu uku saboda girman baɗi, ta datse da haƙori. Kowa da launinsa: Yaya kore, ƙanina shuɗi, auta ruwan ɗorawa. Ni ba a auna ni ba, domin a wannan shekarar aka ce na isa in raka Baba in riƙe masa kaya.

Da safe Baba ya ɗora ni a bayan kekensa Raleigh. Na cusa hannuwana a aljihun rigarsa don su ji ɗumi, a nan na taɓa zarurrukan. Na fito da su ina wasa da su, na ƙirga. Mu shida ne, an cire ni saura biyar, amma zare shida na gani. Na shidan baƙi ne, ya ɗan fi na ƙanina tsawo.

"Baba, akwai ƙari ɗaya," na ce.

"Mayar da su kada iska ta kwashe," ya ce, bai waiwayo ba.

Muka bi ta gaban gidan Sarki, muka wuce babban masallaci, muka gangara Ƙofar Wambai. A kowane lungu akwai masu jin ɗumi sun kewaye wutar kara, wasu sun rufe kai da gwado sai idanu kawai. Masu shayi sun yi cinikin safe, 'yan mata masu koko sun takure a bayan bokitansu. Tsofaffi sun sauke kunnuwan hularsu haɓar kada har kan kumatu.

Wanda bai taɓa shiga layin 'yan gwanjo ana tsakiyar ɗari ba bai ga kasuwa ba. Tun daga nesa za ka ji warin nan nasa, wanda ba datti ba ne kuma ba turare ba, warin maganin da ake fesa wa kayan kafin a ɗaure su. Riguna a rataye har saman rumfa, wasu a zube a kan tabarmi kamar tudun gyaɗa, yara suna tsaye a kan benci suna kaɗa suwaita suna kiran farashi. Baba bai kalli kowa ba. Ya jingine keke a wurin wani mai fawa da ya sani, ya kama hannuna muka kutsa can ciki, wajen wani dattijo mai farin gemu da ya daɗe yana sayayya a hannunsa.

Gaisuwa kaɗai ta ci lokacin da za a iya cin tuwo. Ya iyali, ya sanyi, ya aiki, ya jikin tsohuwa. Dattijon ya san Kaka ba ta da lafiya, ya san an yi mana haihuwa bara waccan. Ya aika yaronsa ya sayo mini ƙosai. Sannan ya ce, "Malam, ka zo a sa'a, yanzu za mu fasa dila."

Dila wani ƙaton ƙunshi ne da inji ya matse ya ɗaure da ƙarfe, ka ce dutse ne. Yaron shago ya kawo almakashin ƙarfe ya datse ɗaurin farko, na biyu, yana datse na uku sai ta yi wani numfashi ta kumbura, riguna suka zubo kala-kala. Nan take hannuwa suka yi caa a kai, masu sari da masu saye. Shi kansa mai dilar bai san abin da ke ciki ba sai an buɗe. Wata ta fitar da kuɗinta har da riba mai kauri, wata kuma rabinta tsumma ne, sai dai a ce Allah ya mayar da alheri. Shi ya sa zaɓen farko yake da tsada, na biyu ya ɗan sauko, abin da ya rage a zuba a tabarma a bakin hanya.

Baba bai yi wawaso ba. Ya tsuguna a gefe yana jan riga ɗaya-ɗaya, kuma a nan na ga aikinsa a karon farko, duk da ban taɓa shiga masaƙarsu ba. Yakan murza bakin rigar tsakanin babban yatsa da manuni, ya ce wannan ulu ne, wannan roba ce. Ya ja haƙarƙarin wuyan hannu ya saki ya ga ko zai koma yadda yake. Ya juya ta ciki waje ya duba hammata da wuya, inda tsufa yake fara ɓuya. Daga nan ya ɗaga ta sama ya kara da rana: idan asu ya ci, haske zai ɓullo ta ƙananan huda kamar rariya. Sai rigar ta tsallake duk wannan sannan ya zaro zare daga aljihu, ya shimfiɗa ta a cinyarsa, ya ɗora ƙulli a kafaɗa ya ja zuwa hannu. Ya miƙo mini wata ya ce in murza. "Ka ji tana da nauyi kuma tana da ɗan ƙaiƙayi? Ita ce mai maganin sanyi. Waccan mai sheƙin ido kawai take ruɗa." Har yau idan na ɗauki rigar sanyi yatsuna suna fara aiki kafin idona.

Na daɗe ina tunanin wannan tsugunon. Mutum ne da yake kwana kan inji yana fitar da sabon yadi, ga shi a gaban tulin kayan da wasu suka sa suka yar a Ingila da Amurka yana zaɓar wa 'ya'yansa. Masaƙun namu atamfa da yadi suke yi, kuma sababbin kayan sanyi na kanti sun fi ƙarfin albashinsa. Doka ta hana shigo da gwanjo Nijeriya, amma kowa ya san hanyarsa: a sauke a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, ya biyo ta kan iyaka, wani ya zagayo ta Maraɗi. A hankali shi da yadin waje mai araha da rashin wutar lantarki suka taru suka ci masaƙun arewa. Kaduna da ta fara da masaƙar KTL a 1957 ta ga babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007, Bompai da Sharaɗa da Challawa suka cika da gine-ginen da babu ƙarar inji a ciki. Ta su Baba ma ta rufe tun kafin ya kai shekarun ajiye aiki. Ina jin zafin wannan har yanzu. Amma ba zan iya zagin gwanjo ba, don na san yawan ƙirjin yaran da ya rufe a daren da babu wani abin rufawa.

Da ya gama zaɓe ya tara riguna bakwai a gefe, ciniki ya tashi.

"Alhaji, nawa za ka bar mini su gaba ɗaya?"

"Malam, zaɓen farko ne fa. Kawo naira 90."

"Na saya 50."

"Albarka. Ko uwar kuɗin ba su kai ba."

Baba ya yi shiru, ya sake ɗaukar riga guda yana dubawa kamar bai taɓa ganinta ba. Ya ƙara biyar. Dattijon ya rage goma. Suka bar maganar suka koma zancen tsadar gero, suka sake dawowa. A ƙarshe Baba ya ciro 'yar Murtala guda uku, wato naira 60, ya buɗe tafin hannunsa ya ce, "Wallahi iyakar abin da na ware ke nan, sauran na bargon tsohuwa ne."

Dattijon ya kalli kuɗin, ya kalli rigunan. Sai ya ɗauki baƙin zaren da ke kan riga ta ƙarshe, wata jaket mai ruwan toka mai kauri da hula a haɗe.

"Wannan na wane ne? Ai na san 'ya'yanka shida ne."

"Na almajirin gidanmu ne," in ji Baba.

Dattijon bai ƙara cewa komai a kan kuɗi ba. Ya karɓi 60 ɗin ya ce, "Na sallama. Allah ya sa a kashe lafiya." Ya sunkuya ya zaro safa ƙafa biyu daga wani buhu ya ɗora a kai. "Wannan gyara ne, a haɗa masa."

Almajirin yana zuwa gidanmu kullum da safe, ya yi shara ya ɗebo ruwa ya kai niƙa, Inna ta zuba masa abinci a ƙoƙonsa. Daga wani ƙauye ta wajen Gumel aka kawo shi karatun allo, kuma ba zai girme ni da fiye da shekara ɗaya ba. A zauren malaminsu suke kwana, su da yawa, a kan tabarma da buhunan siminti, da asuba su kewaye wutar kara suna karatu. Kullum ina ganinsa cikin riga ɗaya ta yadi, ƙafafunsa fari fat da ƙura, amma ban taɓa kawo wa raina cewa sanyin da ke hana ni fitowa daga bargo shi ne yake kwana a kansa ba. Ban san lokacin da Inna ta auna shi ba. Wataƙila da safiyar Juma'a, sa'ad da muke makaranta.

Daga Ƙofar Wambai muka tura keke zuwa Kantin Kwari, don ba shi da nisa. Can duniya ce ta daban: atamfa da shadda da leshi a jere har rufi, 'yan kamasho suna tare mutum tun daga baki suna tambayar me ake nema. Muka sayi bargo mai zanen damisa aka ɗaure a bayan keke. Kaka ta karɓa ta sa albarka, ta shimfiɗa shi a ƙarƙashinta, amma abin rufarta bai canza ba: tsohon gwadonta saƙar hannu, wanda ta ce a Kasuwar Kurmi aka saya mata shekarar da aka kawo ta gidan. Auduga ce zalla, ƙwarya-ƙwarya aka saƙa aka haɗa, yana da nauyi kamar tabarmar kaba. Idan muka shige ƙarƙashinsa da dare, ga kaskon garwashi a tsakar ɗaki, ba ma sanin ana sanyi a waje.

Akwai manyan kantuna a Kano tun wancan zamani, irin su Kingsway da Leventis, masu gilashi da farashi a rubuce. Sau ɗaya na taɓa leƙa ɗaya daga cikinsu, na ga wata suwaita a jikin gunkin roba, muka wuce.

Da muka isa gida Inna ta dafa ruwa ta jiƙa rigunan da sabulu da ɗan gishiri, aka shanya a igiya. Iskar hunturu ba ta ɓata lokaci, kafin la'asar sun bushe ƙayau. A aljihun tawa, wata shuɗiya mai zif, na tsinci ɗan tikiti mai rubutun da ba na Turanci ba, na ɓoye shi a cikin littafin lissafi na yi shekaru ina tunanin yaron da ya riga ni sa ta. Washegari almajirin ya zo shara. Inna ta kira shi, ta miƙa masa jaket ɗin da safa, ta ce, "Ungo, Malam ya sayo muku kayan sanyi." Muku ta ce, kamar yadda ta faɗa wa kowannenmu. Ya sa, ya ja hular ya rufe kunnuwansa, ya durƙusa ya yi godiya da murya ƙasa-ƙasa. Hannun rigar ya wuce yatsunsa da kaɗan, daidai yatsu ukun nan na Inna. Ya sa ta hunturu uku. Da zai koma garinsu ya bar wa wani ƙaramin almajiri da aka kawo sabo, muka ci gaba da ganinta tana yawo a unguwa.

A watan Maris na 2014 aka buɗe Ado Bayero Mall a titin gidan zu, 'yan watanni kafin rasuwar Sarkin da aka sa wa wurin sunansa. Kano ta ɗauka, mutane suna zuwa da iyalansu ko da ba za su sayi komai ba, don su ga kantin Shoprite su tura kwandon taya. Da hunturun ƙarshen shekarar na ɗauki maiɗakina da 'yarmu ta fari muka je. Gaskiya wurin ya burge ni. Babu ƙura, babu turereniya, ga wurin ajiye mota, ga haske ko'ina. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ganin matata tana zaɓa da hannunta, 'yata tana gwadawa a gaban madubi tana juyi, abin da Inna ba ta taɓa samu ba. Babu buƙatar zare, ga yarinyar a tsaye, ga lambar shekaru a wuyan riga.

A wani shago 'yar ta ga jaket mai ruwan hoda ta rungume. Na murza bakinta, roba ce, amma ɗinkin yana da kyau. Na duba takardar farashi, na ji bakina yana shirin cewa "nawa za ki bari?" Yarinyar da ke kan na'ura mai ladabi ce ƙwarai, sai dai kayan ba nata ba ne, ba ta da ikon rage ko kwabo, kuma babu dalilin da zai sa ta san 'ya'yana nawa ne. Na biya, aka ba ni rasit. Haka tsarin irin waɗannan kantuna yake a ko'ina a duniya, kuma yana da amfaninsa, don ba a cutar wanda bai iya ciniki ba. Amma a hanyar komawa gida na yi ta lissafi a zuci: da Baba ne ya shigo da naira 60 ɗinsa da zarensa shida, dole ya ajiye riga ɗaya, kuma na san wadda lissafi zai nuna masa ya ajiye. A rumfar dattijon nan akwai inda maganar mutum take shiga cikin farashi. Wannan gurbin ne ya rufe jikin yaron Gumel.

Shoprite ta rufe reshenta na Kano a Janairun 2024. Ƙofar Wambai tana nan, ko da yake gwanjon ma yanzu ya zama abin da talaka yake tsayawa ya yi tunani kafin ya taya, tun da naira ta sake faɗuwa a 2023. Dattijon ya daɗe da rasuwa, Baba ma haka. Jikan dattijon ne a rumfar yanzu, yana da na'urar cirar kuɗi a gefe, yana ɗaukar hoton zaɓen farko ya tura wa masu saye ta WhatsApp tun kafin su iso.

Bana da ruwan buta ya fara cizo, na tarar da maiɗakina a tsakar gida da ragowar zaren ɗinki a hannu. Na taɓa ba ta labarin nan tun muna sabon aure. 'Ya'yanmu sun girma, kowa yana zaɓar nasa, amma akwai yara biyu da suke zuwa mana daga tsangayar bayan layi. Ta tsayar da ƙaramin kusa da famfo, ta ce ya miƙe hannu, yana ta dariya don zaren yana yi masa cakulkuli a wuya. Ta ƙulla, ta ƙara yatsu uku, ta datse da haƙori.

Ranar Asabar na zuba zare biyu a aljihu na tafi Ƙofar Wambai. Na tsuguna gaban dila ina murza baki ina kara riga da rana. Da na shimfiɗa wata a cinyata na zaro zaren, saurayin ya tsaya yana kallona.

"Baba, wannan fa? Ai da ka faɗi shekarunsu sai in zaɓo maka."

"Bar shi, ɗana," na ce. "Riƙe mini wannan bakin a kafaɗa."

Ya tsuguna ya riƙe.